TITIN FARANTAN SOLA: SHIN KWALLIYA ZA TA BIYA KUƊIN SABULU?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa taka kwalta ba takalmi a tsakiyar bazara ya san irin ranar da titi yake sha. Tun daga hantsi har la'asar sakaliya yana shimfiɗe yana gasuwa, kuma duk wannan ƙarfi na rana yana tafiya ne a banza. Ganin haka ya sa wasu masu ƙirƙira a Amurka da Turai da ƙasar Sin suka kawo wata shawara mai daɗin ji. Suka ce a daina shimfiɗa kwalta, a riƙa shimfiɗa farantan sola masu kaurin gilashi, motoci su bi ta kai, titin kuma ya riƙa samar da wutar lantarki. Ka ga ke nan an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Hotunan irin wannan titi har yanzu suna yawo a wayoyin jama'a, kuma ɗalibai da dama sukan tambayi malamansu dalilin da ya sa ba a yi mana irinsa ba. Ra'ayinmu a wannan maƙala shi ne, titin farantan sola dabara ce da ba ta da amfani a aikace, kuma duk hukumar da ta zuba dukiyar jama'a a cikinta ta yi asara. Za mu kawo dalilanmu daga abin da ya faru a wuraren da aka gwada, da kuma ɗan lissafin da ɗalibin sakandare zai iya bi da alƙalaminsa.

Asalin Maganar

A shekarar 2006 ne wani injiniyan lantarki mai suna Scott Brusaw da matarsa Julie suka kafa kamfanin Solar Roadways a garin Sandpoint na jihar Idaho ta Amurka. Ma'aikatar sufuri ta ƙasar ta ba su tallafin bincike na dala 100,000 a 2009, ta ƙara musu dala 750,000 a 2011. A 2014 suka roƙi gudummawar jama'a ta intanet, suka tara fiye da dala miliyan 2. Alkawarin da suka yi babba ne. Sun ce idan aka rufe titunan Amurka da farantansu za a sami wutar da ta ninka abin da ƙasar ke sha har sau uku. Sun ce za a sa ƙananan fitilu a cikin gilashin su maye gurbin fentin layin titi, a kuma sa na'urar ɗumama wadda za ta narkar da dusar ƙanƙara. Da aka zo gwaji a fili a 2016, farantai 30 kacal aka shimfiɗa a wani dandali na masu tafiya a ƙasa a Sandpoint, kuma da yawa daga cikinsu suka ƙi aiki tun a kwanakin farko.

Ƙasar Holan ta riga su shimfiɗawa. A watan Nuwamba na 2014 aka buɗe hanyar kekuna mai tsawon mita 70 a garin Krommenie, aka sa mata suna SolaRoad, bayan an kashe wa shirin kimanin yuro miliyan 3. Ta ba da wuta gwargwado, amma rufin samanta ya riƙa ɓarewa, har aka cire ta a 2020. Da suka gwada irinta a titin manyan motoci a 2019, mako ɗaya kawai aka yi aka rufe saboda lalacewa. A ƙasar Sin ma an buɗe titin sola mai tsawon kilomita 1 a birnin Jinan a watan Disamba na 2017, aka rufe wani sashe nasa bayan kwana biyar don gyara.

Darasin Faransa

Gwajin da ya fi kowane ilmantarwa shi ne na Faransa, domin gwamnati ce ta ɗauki nauyinsa kuma alƙalumansa sun fito fili. A watan Disamba na 2016 ministar muhalli ta lokacin, Ségolène Royal, ta buɗe titin Wattway a ƙauyen Tourouvre da ke yankin Nomandi. Kamfanin gina hanyoyi na Colas ne ya yi aikin. Tsawon titin kilomita 1 ne, faɗin farantan ya kai murabba'in mita 2,800, kuɗin kuma yuro miliyan 5. Ministar ta bayyana burin shimfiɗa kilomita 1,000 na irinsa cikin shekara biyar.

Kafin mu ci gaba, bari mu fayyace ma'auni. Yunit ɗaya na wuta, irin wanda ake saya a mita, shi ne ƙarfin kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. An yi hasashen titin zai ba da kimanin yunit 280,000 a shekara. A shekararsa ta farko kimanin 150,000 ya bayar, wato rabi da ɗan ɗoriya. A 2018 ya sauko ƙasa da 80,000. Ganyayen bishiyoyi sun riƙa ruɓewa a kansa, taraktocin manoma sun farfasa shi, ƙarar da tayoyi ke yi a kansa kuma ta dami mazauna wurin har aka rage gudun motoci zuwa kilomita 70 a awa. A 2024 aka fara ɗebe shi. Kilomita 1,000 ɗin kuwa ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Yanzu sai mu kwatanta shi da wata tashar sola ta cikin ƙasar ta Faransa, wadda aka gina a Cestas kusa da Bordeaux, aka buɗe a 2015. Ƙarfinta megawat 300 ne, wato kilowat 300,000, kuɗinta kimanin yuro miliyan 360. Idan ka raba, kowane kilowat ya tashi a yuro 1,200. Titin Tourouvre kuwa ƙarfinsa kilowat 420 ne, sai ka raba miliyan 5 da 420, ka sami kusan yuro 11,900. Ninki goma ke nan a wajen tsada. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Cestas tana ba da kimanin yunit miliyan 350 a shekara, wato kowane kilowat nata yana haifar da fiye da yunit 1,100. Kowane kilowat na titin, a shekararsa mafi kyau, bai kai yunit 360 ba. Abin da ya ninka tsada sau goma, ya kuma ba da sulusin amfani, wutarsa ta ninka tsada sau talatin, tun ba a sa kuɗin gyara da gajartar rayuwarsa a lissafi ba.

Me Ya Sa Abin Ya Ƙi?

Mai karatu zai iya cewa ai kowace sabuwar fasaha da tuntuɓe take farawa. Gaskiya ne. Ƙwayar sola ta silikon da aka fara ƙerawa a ɗakin binciken Bell a 1954 kashi 6 cikin 100 kawai na hasken da ya faɗo mata take mayarwa lantarki, ga shi yau farantan kasuwa suna haura kashi 20. To amma akwai bambanci tsakanin matsalar da ƙwarewa ke warwarewa da matsalar da ke cikin asalin tsarin abu. Matsalar titin sola iri na biyu ce, domin abin da faranti yake so da abin da titi yake so kishiyoyin juna ne.

Na farko, faranti yana son fuskantar rana. A lokacin da rana ta take sosai, kimanin wat 1,000 ne ke sauka a kan kowane murabba'in mita da ya fuskance ta kai tsaye. Shi ya sa ake jingina faranti a karkace gwargwadon nisan wuri daga layin da ya raba duniya biyu. Nomandi tana wajen digiri 48 ne a arewa, inda rana ke bi ta gefen sama, musamman da sanyi. Titi kuwa dole ya kwanta, ba shi da zaɓi.

Na biyu, faranti ba ya son inuwa ko kaɗan. Ƙwayoyin da ke cikinsa a jere suke, wuta tana bi ta wannan ta shiga wancan, tamkar ruwa a cikin tiyo. In ka take tiyo a wuri ɗaya, ruwan duka zai ragu. Haka idan inuwa ta rufe ƙwaya ɗaya, duk jerin da take ciki sai ya raunana. Shi kuwa titi an yi shi ne domin abubuwa su hau kansa: motoci, da inuwar gidaje da bishiyoyi, da laka, da baƙin mai, da dattin taya. Wani abin lura shi ne, inda aka fi bukatar wuta, wato cikin gari, nan ne cunkoso da inuwa suka fi yawa. Inda titi yake fayau babu kowa kuwa, can ne nesa da masu bukata, kuma can ne fili yake da araha a gefen hanya.

Na uku, faranti yana son iska ta ratsa ƙarƙashinsa. Mutane da yawa suna zaton zafi ne ke ƙara masa ƙarfi, alhali haske yake ci, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Ana auna ƙarfinsa ne a digiri 25 na ma'aunin Selshiyas, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yakan yi asarar kimanin kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100. Farantin da ya kai digiri 65 ya yi asarar kashi 12 zuwa 16 ke nan. Wanda aka ɗora a kan ƙarfe iska tana sanyaya shi sama da ƙasa. Wanda aka manna a ƙasa ba shi da mafita.

Na huɗu, batun gilashi. Domin haske ya ratsa, ana son gilashi ya zama siriri, sumul, garai-garai. Domin taya ta kama ƙasa idan an taka birki, musamman da ruwan sama, ana son fuskar titi ta zama mai kaushi. Domin ya ɗauki nauyi kuma ana son ya yi kauri. Duk abin da ka ƙara na kaushi da kauri, ka rage haske. Daɗin daɗawa, yashi ya fi gilashi tauri. A ma'aunin taurin ma'adinai na Mohs, ƙwayar yashi tana kan 7, gilashi na wajen 5.5. Kowace taya da ta bi ta kan yashin da iska ta watso tana goge gilashin ne kamar samfefa, har ya dushe.

Na biyar, nauyi. Daga wani babban gwaji da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960, injiniyoyin hanya sun fitar da wata ƙa'ida ta kimantawa: ɓarnar da mota ke yi wa titi tana ƙaruwa ne da nauyin da ke kan aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyi, idan an ninka shi a kansa sau huɗu. Nauyi ya ninku biyu, ɓarna ta ninku 16. Nauyi ya ninku goma, ɓarna ta ninku 10,000. Wucewar tirela ɗaya mai cikakken lodi tana iya yin daidai da wucewar dubban ƙananan motoci. Kwalta tana jure wannan ne saboda tana ɗan lanƙwasawa ta dawo, in ta fashe a cike ramin, in ta tsufa a kankare ta a narka a sake shimfiɗawa. Ƙwayar silikon kuwa kaurinta bai kai rubu'in milimita ba, kuma tsagewa take yi kamar ɓawon ƙwai.

Ko alkawarin narkar da ƙanƙara ma lissafi bai bar shi ba. Narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara yana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na yunit. Sabuwar dusar ƙanƙara mai kaurin santimita 10 a kan murabba'in mita ɗaya tana kai wa kilo 10, wato tana bukatar kusan yunit guda. Faranti mai wannan faɗi wat 200 yake bayarwa a rana mafi kyau, sai ya yi awa biyar kafin ya tara yunit ɗaya. Ina zai sami wannan rana a tsakiyar sanyi, alhali shi kansa yana binne a ƙarƙashin ƙanƙarar?

Hujjar Magoya Baya

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren. Babbar hujjarsu ita ce fili. Suna cewa tashar sola tana cin gonaki, titi kuwa an riga an mallake shi, ba sai an biya diyya ba. A ƙasa irin Holan, mai yawan jama'a da ƙarancin fili, wannan damuwa ce ta gaske. Sai dai amsarta tana nan kusa. Titi mai faɗin mita 7 da tsawon kilomita 1 murabba'in mita 7,000 ne, bai kai hekta ɗaya ba. Rufin gidaje da masana'antu da makarantu da kasuwanni na kowane gari ya ninka haka nesa ba kusa ba, kuma babu tirelar da ke bi ta kansa. Sai an cika waɗannan duka kafin a ce fili ya ƙare.

In ma an nace sai an yi amfani da hanya, to a ɗaga farantin sama. A Koriya ta Kudu akwai hanyar kekuna a tsakiyar babban titin da ya haɗa Daejeon da Sejong wadda aka yi wa rumfa da farantan sola: masu keke suna samun inuwa, farantan suna samun rana. A jihar Gujarat ta Indiya an fara ɗora farantai a kan magudanar ruwan noman rani a 2012, ruwan yana sanyaya su, su kuma suna rage ƙafewarsa. Faransa kanta ta yi doka a 2023 wadda ta tilasta wa manyan wuraren ajiye motoci, masu faɗin da ya haura murabba'in mita 1,500, su rufe aƙalla rabin filinsu da rumfar sola. Ƙasar da ta kashe miliyoyi wajen sa faranti a ƙarƙashin mota ta dawo tana sa shi a samanta.

Hujja ta biyu ita ce, farashi zai sauko. Lalle farashin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Amma wannan saukin ya fi amfanar farantin rufi da na fili, domin a titin sola ba ƙwayar silikon ce ke cin kuɗi ba, sulken da ake yi mata ne da haƙa da shimfiɗa da gyara. Duk wani cigaba da za a samu a ƙwayar, na kan rufi ma zai same shi, tazarar tana nan yadda take.

Hujja ta uku ita ce, gwaji ba asara ba ne. Mun yarda, kimiyya da gwaji take rayuwa. Kamfanin Colas ma ya koma sayar da 'yan ƙananan shimfiɗu na wasu murabba'an mita domin kunna fitila ko kyamara a gefen hanya, kuma wannan yana iya samun gurbinsa. Amma gwajin kirki yana amsa tambayar da lissafi ya kasa amsawa ne. Karkatar rana da illar inuwa da illar zafi da taurin yashi duk sanannun abubuwa ne tun kafin a haƙa ko taku ɗaya a Tourouvre. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

To Mu Fa?

Wani zai ce ai mu Allah ya hore mana rana, abin da ya gagari Nomandi ba zai gagare mu ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan: Kano tana wajen digiri 12 ne, rana tana bi ta tsakiyar kanmu, saboda haka farantin da ya kwanta ba ya asara mai yawa ta fuskar karkata. Amma sauran matsalolin huɗu sun fi tsanani a wurinmu. Ƙurar hunturu tana rufe farantin da ke kan rufi ma cikin 'yan kwanaki har sai an goge, balle wanda ke ƙasa. Zafin bazara ya fi na Turai. Yashi yana ko'ina. Tirelolin siminti da tankokin mai suna bin hanyoyinmu da lodin da ya wuce ƙa'ida, ga ambaliyar damina wadda za ta kwanta a kan wayoyin lantarki. Hanyar da cike raminta na kwalta yake ɗaukar shekaru, wa zai canza mata gilashi?

Hanyar da ta dace kuwa an riga an fara bin ta. A watan Janairu na 2023 aka buɗe tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso ta jihar Kano, a kan kuɗi kimanin dala miliyan 16, wato dala 1,600 kowane kilowat. A wannan shekarar ce kuma tashar Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki kusa da Yamai. Ko a makarantarku, aji mai tsawon mita 9 da faɗin mita 7, idan aka rufe murabba'in mita 30 na kwanonsa da farantai, za a sami kilowat 6, wanda ya ishi fitilu da fankoki da kwamfutoci da famfon rijiyar burtsatse.

Kammalawa

Abin da ya sa muka tsawaita a kan wannan batu shi ne, irin wannan dabara ba ta mutuwa, sauya riga take yi. Ba abin mamaki ba ne wata rana wani ya zo da kyawawan hotuna ya tallata ta ga wata hukuma tamu, kuma kuɗin kilomita ɗaya nata zai iya haskaka makarantu da asibitocin ƙauye masu yawa. Ɗaliban yau su ne injiniyoyi da manyan sakatarorin da za su sa hannu a takardar gobe. Muna so su saba da tambayoyi uku a gaban kowace sabuwar fasaha: nawa ta ci, nawa ta bayar, kuma da me aka kwatanta ta?

Ga malaman kimiyya kuma muna ba da shawarar wani gwaji mai sauƙi. A samo ƙaramin farantin sola irin na cajin fitila da na'urar auna lantarki. A auna abin da yake bayarwa yana fuskantar rana da hantsi, a kwantar da shi a sake aunawa. A rufe ƙwaya ɗaya da ɗan kwali a auna. A barbaɗa masa ƙura a auna. A bar shi a kan siminti mai zafi na rabin awa a auna, a ɗaga shi iska ta buge shi a sake aunawa. Ɗalibai su rubuta sakamakon a jadawali, su yanke hukunci da kansu. Gani ya kori ji.